Ƙafar Aro

Ni tela ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san bakinmu ya fi allurarmu aiki. Shagona yana Agege, a wani lungu bayan layin dogo, inda in jirgi ya zo wucewa sai almakashi ya yi ta rawa a kan tebur. Na daɗe a nan ina ɗinka kaftani da 'yar shara, ina kuma raba wa jama'a ilimin da ba su roƙe ni ba. Siyasa, ƙwallo, maganin basir, dalilin tsadar tumatir a kasuwar Mile 12, duk akwai su a wurina, kuma kyauta nake bayarwa.

Cikin fannonin da na naɗa kaina gwani har da kiɗan kantiri, wanda mu muke kira kiɗan kaboyi. Yayana ne ya sa mini son sa. Direban tanka ne, in layin lodin mai ya kama su a Apapa sai su yi kwana da kwanaki ba motsi, ba abin da ke ɗebe masa kewa sai wasu kaset-kaset na Turawan Amurka masu faffaɗar hula. Da ya ajiye tuƙi ya koma gida, ya bar mini su cikin wata tsohuwar jaka. Ba na jin abin da mawaƙan ke faɗa sai kalma ɗaya-ɗaya. Abin da ya kama ni wani sauti ne siriri da ke bin bayan mai waƙar, yana hawa a hankali kamar macen da ta fara kuka tana kunyar a ji ta, sai ya lanƙwasa ya sauko. In an zo wurin nan nakan ɗaga yatsa in ce wa 'yan zaman shagona su saurara, sannan in shiga bayani, har wurin ya wuce ba wanda ya ji komai sai muryata.

Bayanin nawa shi ne goge ne. Na ce makiyayan Amurka ne ke kaɗa shi, ƙwaryarsa ta fi tamu girma, kuma dawakinsu sun fi namu tsawon jela, shi ya sa izgar take jan sauti har haka. Na faɗi wannan ya fi sau ɗari. Da farko na san ƙirƙira nake yi, daga baya ni kaina na yarda.

Wata rana da hantsi ina tsakiyar wannan karatu, wani dattijo ya shigo da wando a hannu, yana so a rage masa ƙugu. Dogo ne, busasshe, kansa fari fat. Na san shi da gani, mutumin Filato ne, Kirista, yana zaune layi biyu daga shagona, amma ban da gaisuwa ba abin da ya taɓa haɗa mu. Ya tsaya ya saurare ni har na kai ƙarshen jelar dokin. Sannan ya ce, da irin Hausarsu ta mutanen dutse, "Tela, ka taɓa ganin gogen nan da idonka?"

Na ce na ga hotonsa. Ƙarya nake yi.

Ya ce, "To, yana ɗakina. In ka gama wandon ka kawo da kanka, ka gaishe shi."

'Yan zaman shago suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, don na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Washegari bayan la'asar na naɗe wandon na nufi gidansa, da niyyar in dawo da labarin da za mu yi mako muna dariya a kai.

Gidan haya ne irin mai ɗakuna suna kallon juna. Ɗakinsa tsaf, gado ɗaya, kujera ɗaya, hoton wata mata a bango, sai wani abu a lungu an rufe da tsohon zanen gado. Ya yaye zanen. Wani ɗan tebur ne mai ƙafa huɗu na ƙarfe, an shimfiɗa masa tsirkiya goma a kai, a ƙasa ga feda uku a jere, ga wasu ƙarafa suna reto daidai inda gwiwa za ta zauna. Ba ƙwarya, ba izga. Na ce a raina, wannan ai keken ɗinki ne aka cire wa kai.

Ya ja kujera ya zauna, ya haɗa waya da wata tsohuwar sifika, ya sa wasu farata na ƙarfe a yatsun dama, ya ɗauki wani guntun ƙarfe mai santsi kamar batirin tocila a hannun hagu. Ya ɗora ƙarfen a kan tsirkiya, ya taɓa, ya danna feda da ƙafar hagu. Sai ga kukan nan da na shekara goma ina wa sharhi ya cika ɗakin, a gabana, daga hannun mutumin da na rage wa wando. Tsigar jikina ta tashi. Ina jin wannan ne karon farko da na yi minti uku a jere ban ce komai ba ina farke.

Da ya gama, ya dube ni. Mutumin kirki zai ce ya yi kuskure. Ni na ce, "Ai dama na ji an ce akwai irin wannan ma." Ya yi dariya har da tari.

A ranar na ji tarihinsa. Tun yana saurayi a Filato ya fara jin kiɗan a faifan garmaho na wani Bature ɗan mishan. Ya biyo jirgi ya zo Legas, ya kama aiki a ma'aikatar jirgin ƙasa a Ebute Metta, yana ɗan kaɗa jita a gefe. Wani Bayerabe mai ƙungiyar makaɗa ya sayo wannan abu daga ƙasar waje don burga, aka rasa mai iya shi, shi kuwa ya zauna a kansa wata da watanni yana bin kaset har ya ba shi haɗin kai. Ya yi shekaru yana kaɗa shi a bukukuwan Yarabawa, amma ransa yana wurin kantiri, ya ce in ganga ta yi zafi yakan saci hanya ya zura nasa a ciki ba wanda ya lura. Da ƙungiyar ta watse aka bar masa abin. Mutanen layinsu suna ce masa Baba Mai Jita, ni ma daga ranar haka nake kiransa.

Kafin in tashi na sanar da shi cewa zan koya, kuma wata ɗaya ya ishe ni. Hujjata mai ƙarfi ce a ganina: abu ne na feda, ni kuwa feda ce abincina tun ban fara aske gemu ba. Bai musa ba. Ya ce in zo bayan la'asar.

Abin da ban sani ba, ƙafar tela ba ta san tsayuwa ba. Da na ɗora ta a kan feda sai ta kama aikinta, gaba, baya, gaba, baya, kamar ina bin gefen zani. Tsirkiyoyin suka yi ta ihu. Baba ya riƙe gwiwata ya ce, "Tela, ƙafanka yana sauri. Keke yana so ka yi ta tafiya. Wannan yana so ka jira." Na ce na gane. Ya saki gwiwar, ƙafar ta ci gaba daga inda ta tsaya. A mako na uku wata Bayerabiya mai ɗakin da ke kallon nasa ta leƙo tana tambaya ko akuya ce ta maƙale a bayan gado. Washegari na aika masa cewa ɗinkin salla ya taso mini, alhali salla saura wata huɗu.

Ban koma ba. A shago na ce na koya na gama, sai dai abin bai dace da mutum mai iyali ba. In na hango Baba a hanya sai in ɗaga hannu daga nesa in shige wani lungu. Haka muka yi kusan shekara biyu. Kunya ce kawai, ba wani abu ba, kuma na fi son in rasa mutum da in ce na kasa.

Wata safiya wata budurwa ta shigo shagon da leda a hannu. 'Yarsa ce, autarsa, haihuwar Agege, Hausarta a cakuɗe da Turanci da Yarabanci kamar ta 'ya'yana. Ta gaishe ni ta ciro sabon wando baƙi, na kwat.

Ta ce, "Kawu, abeg, ƙafar hagun za a naɗe a ɗinke, daga nan." Ta nuna ƙasan gwiwa.

Na tsaya ina kallon wandon. Ta ce ciwon suga ne, ya fara daga ɗan yatsa, aka yi ta fama, daga ƙarshe likitoci suka yanke ƙafar. Wata uku ke nan. Ni da nake da labarin abin da ke faruwa a fadar shugaban Amurka, ban san an yanke wa maƙwabcina ƙafa ba.

Ta ce bikinta saura wata biyu, wandon na ranar ne. Tun tana ƙarama ya yi mata alkawarin ranar aurenta zai kaɗa mata kiɗan da ya yi wa mahaifiyarta lokacin da yake neman ta, matar da ke cikin hoton nan na bango, wadda ta rasu da daɗewa. Yanzu ya rufe abin, ba ya son a ambace shi, abinci ma sai an yi da gaske. Har ya ce ta nemi masu sayen gwangwan a Ijora su zo su ɗauke. Ta ce, "Ni ba kiɗan ne ya dame ni ba, Kawu. Shi ne. Gani yake ya yi mini ƙarya."

Na ɗinke ƙafar wandon da hannu, ban yarda keke ya taɓa ta ba, na kai masa da kaina. Na same shi a kwance ya juya wa ƙofa baya. Ya rame har hular da ke rataye a ƙusa ta fi shi kumari. Na yi masa sannu, ya amsa bai juyo ba. Na tambaye shi ko ƙafar dama ba za ta yi ba, ya ce ita tana da nata aikin, ita ke ɗaga sauti ta sauke shi. Ni kuwa shiru ba ya zama da ni, sai na ji bakina yana cewa, "Baba, in dai feda ce matsalar, ai ga ni."

Ya juyo. "Kai? Da ƙafan nan naka da ba ya jin magana?"

Na ce ba da ƙafa ba, da hannu. In durƙusa a ƙasa ta gefen hagu, inda ƙafarsa take a da, in riƙa danna masa. Ya daɗe yana kallona, yana neman inda wasan yake. Sannan ya ce in yaye zanen.

Mako shida muka yi, kullum bayan la'asar. A yi tunanin mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, da tumbinsa da furfurarsa, a dunƙule a kan tabarma ƙarƙashin tebur, tafukan hannu a kan feda. Da farko yana ce mini "yanzu" in danna, "saki" in saki. Amma ranar biki ba zai yi ta magana a gaban jama'a ba, dole in san lokacin da kaina. Sai na kawo dabarar tela. Na zo da allin ɗinki na zana wa kowace feda lamba a siminti, ina ƙirga bugun kiɗan kamar ina ƙirga ɗinki. Dabarar ta mutu a kwana biyu, don Baba bai taɓa kaɗa kiɗan nan iri ɗaya sau biyu ba. Yau ya ja nan, gobe ya ja can. Ya sa ƙafarsa mai lafiya ya goge allin ya ce, "Kada ka ƙirga. Ka ji."

Akwai wuri ɗaya kusa da ƙarshe da ya zame mini ƙaya. Sautin yakan hau ya tsaya cak, ya yi ta tsayuwa, sai can a danna feda biyu tare, a hankali, ya narke ya sauko. Kullum sai na riga shi. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, in ga kamar ya manta, in taimake shi. Ya ce, "A nan ne nake tambayarta ko za ta aure ni. Ba ta amsa da wuri ba. Kai kuma kullum sai ka riga ta amsawa."

A gida matata tana shafa mini man zafi a baya tana cewa maza suna tafiya Apapa neman arziki, nata mijin yana tafiya ƙarƙashin tebur. A shago na ce wani babban aikin labule na samu. Sannan na tattara ragowar shadda ruwan toka na ɗinka wa teburin riga mai tattara, ta sauka har ƙasa ta zagaye shi. Na ce wa Baba don ado ne. Ya san ba don ado ba ne. Tsoro nake kada wani ɗan unguwarmu ya gan ni a tsugune a gindin makaɗi a bikin Kirista, labari ya riga ni isa masallaci. Na sa ya yi mini alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba, ya ce ya ji.

An yi walimar ranar Asabar da rana a filin wata makarantar firamare. Rumfuna, janareta, mata cikin anko, ƙamshin dafa-duka ko ta ina. Na shige ƙarƙashin shaddar tun kafin a zauna, don kada a ga shigata. Ban yi lissafin jawabai ba. Kawun ango ya yi magana, kawun amarya ya rama, wani ya tashi yin addu'a ya zarce da tarihin danginsu. Na yi fiye da awa a ciki, gumi ya jiƙa ni sharkaf, ba abin da nake gani sai takalman mutane ta ƙasan shadda. Daga nan aka turo Baba a keken guragu aka zaunar da shi a kujerarsa. Ƙafar wandon da na ɗinke ta zo daidai fuskata, ina kallon ɗinkin hannuna.

Ya fara. Hayaniyar ta ɗan ci gaba, cokula suna ƙara, sannan ta ragu, sannan ta mutu. Na danna, na saki, na danna, ban ƙirga komai ba. Ina jin numfashinsa a samana. Da muka doshi wurin nan sai na ga wasu fararen takalma sun zo sun tsaya a gaban teburin, na san amarya ce. Sautin ya hau ya tsaya. Ya tsaya fiye da yadda ya taɓa tsayawa a ɗaki. Zuciyata tana ce mini tsohon nan kuka ya ci ƙarfinsa, ya manta, ka cece shi. Na cije leɓe na ƙi. Ban san daƙiƙa nawa aka yi ba. Sai na ji ya ja numfashi, wani iri, na san an amsa masa. Na danna biyun tare, a hankali, sautin ya narke ya sauko. Wani ɗigo ya faɗo a kan farin takalmin.

Filin ya rikice da tafi da guɗa. Wata tsohuwa ta fara shelar cewa Allah ya yi abin al'ajabi, mutum ba ƙafa ya yi kiɗan ƙafa. Nan fa halina ya motsa. Ni da na ɗinka labule don kada a gan ni, sai ga ni ina jin zafi don ba a gan ni ba. Har tari na yi da gangan, sau biyu, janareta ya haɗiye shi. Ina cikin wannan sai Baba ya zuro hannu ta ƙarƙashin shadda, da faratan ƙarfen a yatsunsa, ya lalubo kaina ya dafa hulata. Ya bar shi a nan ya daɗe. Ya sunkuyo kamar mai gyara waya ya ce, "Yau ka jira, Tela."

Na yi kuka a ƙarƙashin teburin nan, ba na ɓoyewa. Bayan kukan kuma na gano bayana ya riƙe, ba halin fita ko da na so. Amarya ce ta turo mini farantin shinkafa da nama biyu ta ƙasan shadda, na ci a dunƙule, sai da jama'a suka watse ango da wani abokinsa suka jawo ni kamar buhun albasa.

Bayan bikin 'yan'uwansa suka mayar da shi Filato. Damina ta gaba 'yar ta zo shago ta gaya mini ya rasu. Abin kiɗan yana falonta yanzu, sanye da rigar shaddar da na ɗinka, ba mai taɓa shi. Ta taɓa cewa in ɗauka, na ce me zan yi da shi. Duk abin da na iya a duniyar kiɗa feda uku ne na kiɗa ɗaya, shi ma sai da wani a sama. Ina kewarsa ƙwarai, kuma ina jin haushin shekara biyun nan da na ɓatar ina shiga lungu.

Kaset-kaset ɗin yayana sun daɗe da cinyewa, yanzu a waya nake jin kiɗan. Kwanan baya wani maigadi ɗan Nijar ya kawo rigarsa a sa mata aljihu, yana zaune a benci sai kukan nan ya taso. Ya karkata kai ya ce, "Malam, wannan goge ne?" Tsofaffin 'yan zaman shago suka gyara zama suna murmushi, sun san an taɓo inda yake mini daɗi. Na buɗe baki, bayani ya cika shi har wuya. Sai na lura keken ya yi shiru, ƙafata ta tsaya da kanta a tsakiyar aljihun, sautin ya hau yana tsaye.

Na ce masa, "Jira tukuna. Ba a amsa masa ba."